Zane-zanen TikZ sun ƙi shiga jakar da na ware musu

Assalamu alaikum. Ina tsara kundin bincike da manhajar tsara rubutu ta LaTeX a kan TeX Live 2022, kuma saboda zane-zanen TikZ (kayan zana hotuna a cikin LaTeX) sun haura arba'in, na kunna \tikzexternalize da prefix=hotuna/ domin kada a riƙa sake zana su duk lokacin da na haɗa littafin. Ina kiran pdflatex da -shell-escape da kuma -output-directory=gini.

Da farko aikin ya tsaya cak, ya ce ba zai iya rubuta fayil ɗin hotuna/kundi-figure0.md5 ba. Da na ƙirƙiri jakar gini/hotuna da hannu, wannan kuskuren ya gushe, sai dai fayilolin md5 kaɗai suke shiga can, alhali PDF da log na kowane zane suna zubewa cikin hotuna/ kusa da rubutuna, wanda shi ne tarkacen da nake gudu tun asali. Na mayar da prefix ya zama gini/hotuna/, sai ya koma neman gini/gini/hotuna, ya sake tsayawa.

Don Allah, yaya zan gyara saitin external/system call, wato umarnin da TikZ ke sake kiran pdflatex da shi don zana kowane zane daban, domin kiran pdflatex na biyu ya zuba dukkan fayilolin zanen cikin gini/hotuna, kuma littafin ya samo su daga can?