Abin da ya kusa kashe mana dabbobi a cikin gidajenmu

Mai mage biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya saura ƙiris na kashe magena da hannuna. Ta wayi gari tana ɗingishi, tausayi ya kama ni, na ɓalli rabin ƙwayar farasitamol na daka mata a abinci. Kafin la'asar fuskarta ta kumbura, tana haki, dasashinta ya rine ya koma ruwan ƙasa. Likitan dabbobi ya ce hantar mage ba ta iya sarrafa wannan magani kamar tamu, sai ya ɓata jinin ya kasa ɗaukar iska, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar mage. Kwana uku ta yi a wurinsu. Ta tashi, alhamdulillahi. Ɗingishin kuwa ashe ƙaya ce. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya ba mu labari.

Baban yara: Sannu 'yar'uwa, ke kin auna arziki. Ni nawa karen bai tashi ba. Na tarar ya yaga ledar maganin ɓera da na tura bayan firji. Na zuba masa ido, yana ci yana wasa, kwana biyu lafiya lau, har na ce ai ya tsira. Rana ta huɗu ya kasa miƙewa, dasashi fari fat, jini na ɗiga ta hanci. Ko da muka isa asibiti an makara. Can aka yi min bayani cewa irin wannan gubar hana jini daskarewa take yi, kuma ba ta nuna kanta sai bayan kwana 3 zuwa 5. Abin da ya fi ci min rai shi ne tana da makari, bitamin K1, da ake bayarwa na 'yan makonni. Da a ranar na ɗauke shi tare da ledar, da wataƙila yana nan. Har yau idan na buɗe ƙofa sai na ji kamar zai taho da gudu.

Sabon shiga: Allah ya ba da haƙuri, Baba. To da ka ɗura masa ruwan gishiri ya amayar fa? Haka na ji ana yi.

Tsohuwar ma'aikaciyar asibitin dabbobi: A'a ƙanena, kar ka soma. Gishirin kansa guba ne idan ya yi yawa, na ga karen da gishirin ya sa shi farfaɗiya, ba abin da ya haɗiya ba. In kuma bilic ne ko kananzir, amai ya fi muni: ya sake ƙona maƙogwaro ko ya faɗa huhu. Madara ma ba ta karya guba. Ɗauki kwalin abin, ka lura da lokacin da ya ci, ka kira likita.

Tela: Nawa zare ne. Magena ta haɗiye shi, sai amai, ta daina cin abinci. Na hango bakin zaren a ƙarƙashin wutsiyarta, har na kai hannu zan ja, matata ta riƙe ni. Ashe ɗaya bakin ya naɗe a gindin harshe, hanjin ya tattare a jikinsa kamar an ja mazagin wando. Likita ya ce da na ja, da zaren ya yanka hanjin. Sai da aka yi mata tiyata. Yanzu ko allura ce ta faɗi sai na nemo ta kafin na tashi daga kan keke.

Mai aku: Na manta kaskon suya irin wanda abinci ba ya kamawa a kan wuta, ba komai a ciki. Ni ban ji wani wari ba. Akuna da ke kusa da kicin ya faɗo daga sandarsa, cikin mintuna ya mutu. Tururin shafen kaskon ne, huhun tsuntsu ba ya ɗaukarsa.

Mai gardama: Ni dai maganar da ake yi wai albasa na cutar da dabbobi ce ban yarda da ita ba. Shekara nawa karena ke cin ragowar abinci da albasa, ko atishawa.

Tsohuwar ma'aikaciyar asibitin dabbobi: Malam, ya danganta da yawanta da girman dabbar. Ɗanya ko dafaffiya, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, tafarnuwa ma haka, kuma sai bayan kwanaki ake ganin kasala. Mage ta fi kare saurin kamuwa. Tunda mun zo kan mage: maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin kada ya taɓa jikinta. Rawar jiki yake sa ta da farfaɗiya, ko da gogar karen da aka ɗiga wa kawai ta yi.

Mai mage biyu: Inna lillahi! Yaya, yanzu na tashi na duba wanda na saya musu, hoton kare ne a jikin kwalin. Gobe na yi niyyar ɗiga musu.