Neman shawara: in saki Salah kafin AFCON ko in riƙe shi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka, kaina ya ɗaure. Mu goma sha biyu ne a lig ɗinmu na FPL, wasan nan na intanet da ake haɗa tawaga daga 'yan ƙwallon Firimiyar Ingila ana tara maki, duk 'yan layi ɗaya a kasuwa. Ni na kawo musu wasan, ni na koya wa yawancinsu yadda ake naɗa kyaftin. Bara na yi na ɗaya albarkacin Salah, ƙwallo 29, ya taimaka an ci 18, maki 344. Shi ya sa bana, kakar 2025/26, na sake sayensa a miliyan 14.5 na kuɗin wasan, na haƙura da Haaland. Yau ni ne na tara. Yaron shagona ma yana samana, wallahi abin yana hana ni barci. Ga AFCON, gasar cin kofin Afirka, za a fara a Maroko ranar 21 ga Disamba 2025, Salah zai tafi, Mbeumo zai tafi, Iwobi ma haka. Wildcard kuwa, wato damar canza tawaga gaba ɗaya kyauta, tuni na ƙona. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗa mana sauran 'yan wasanka ba, kuma nawa ya rage maka a banki?

Koci: Ba sai ya faɗa ba. Ciwonka ɗaya ne, ba ka da Haaland. Mutumin da ya zura 36 a kakarsa ta farko a Ingila! Ka saki Salah yau, ka sauko da kuɗin gaba. An ba kowa canji biyar kyauta a mako na 16 saboda AFCON, ko maki 4 na ƙarin canji ba za a yanke maka ba. Gurbin Mbeumo ka sa Semenyo, Ghana ba ta samu zuwa ba.

Ɗan Fagge: Koci, ai kowa a lig ɗinmu yana da Haaland. In na saye shi yanzu ta ina zan kamo su? Kuma Salah ɗan tsakiya ne, ƙwallonsa maki 5, ta Haaland 4.

Koci: Maki 5 na wanda yake Maroko? Ko Masar ta fita da wuri sai ya rasa wasanni. In ta kai ƙarshe sai bayan 18 ga Janairu.

Maman Hanan: Ni ban yarda da bin ayari ba. Ka duba jadawali, wanda wasanninsa biyar na gaba suke kore, wato masu sauƙi, shi za ka ɗauka. Kuma 'yan baya na kawo maki bana, tare ƙwallo da ƙwace ta sau 10 maki 2 ne.

Abba Zinder: Ku dai kuna da sa'a. Namu lig ɗin na ci tun Mayu, har yau mai riƙe da kuɗin bai ba ni ko dala ba. Ya daina ɗaga wayata.

Malam Bello: Dama sa kuɗi a ciki ya zama caca. Ku ji tsoron Allah.

Koci: Malam, ba wannan aka tambaya ba. Hajiya, launin kore ba ya cin ƙwallo. Ɗan Fagge, Haaland, kuma ka ɗaura masa kyaftin.

Ɗan Fagge: Mu ba ma sa kuɗi, Malam, mutunci ne kawai. Canjin kuma na riga na taɓa uku a baya, saura biyu. In na sayar da Salah yanzu asara zan yi, farashinsa ya sauka. Ina ganin zan ajiye shi a benci.

Koci: Miliyan goma sha huɗu a benci har wata guda?

Baban Khalifa: Har yanzu dai ba ka turo tawagar ba. A rufe canji saura awa biyu.