Ta yaya Balarabe Musa ya ci gwamna a 1979 amma NPN ta kwashe majalisa?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu tarihi a taimaka min, musu ne ya kaure a majalisarmu nan Bauchi Road kan zaɓen tsohuwar jihar Kaduna na 1979. Abin da ya ɗaure min kai shi ne an yi zaɓen majalisar jiha ran 21 ga Yuli NPN ta lashe kusan kashi biyu cikin uku na kujeru, sati ɗaya kacal bayan nan ran 28 aka yi na gwamna sai ga Balarabe na jam'iyyar PRP ya kayar da Lawal Kaita na NPN. To mutanen ba su ɗin ba ne? Ko kuwa FEDECO, hukumar zaɓe ta lokacin, ita ce ta yi wani abu?

Baba Malam Rikkos:
Wa alaikumus salam ɗana. Su ɗin ne, amma lissafin ya bambanta. Ka tuna lokacin Kaduna haɗe take da Katsina, sai 1987 aka raba. A zaɓen majalisa kowace jam'iyya ta tsayar da nata, PRP da GNPP da UPN da NPP duk suka raba ƙuri'a a mazaɓu, NPN kuma tana da hakimai da dagatai da attajirai a bayanta, ta bi ta tsakiya ta wuce. Da sakamako ya fito ne idon 'yan adawa ya buɗe, suka ga in ba a haɗa kai ba gwamnan ma ya tafi, sai magoya bayansu da yawa suka koma wa Balarabe, ga kuma tsohuwar gasar lardin Zazzau da na Katsina tunda Kaita bakatsine ne Balarabe kuwa mutumin Kaya ne ta ƙasar Zazzau. Abin da ya biyo baya shi ne abin takaicin, majalisa ƙarƙashin kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa ta riƙa watsi da sunayen kwamishinonin da ya aika, shi kuma ya ce ba zai sa ɗan NPN a gwamnatinsa ba, haka bawan Allah nan ya yi mulki babu kwamishina ko ɗaya har suka tsige shi ran 23 ga Yuni 1981. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin, a 1983 kuma Kaita ya hau, wata uku soja suka kifar da kowa.

Hajiya Ummu Sadik:
Baba Allah ya ƙara lafiya, amma ni fa ina ganin har da laifin marigayi Balarabe, Allah ya jiƙansa. Gaskiyarsa ba wanda ke musu, ya soke haraji da jangali, talakan ƙauye ya numfasa, kuma ko maƙiyansa ba su iya cewa ya tara dukiya ba. Sai dai mutum ba shi da rinjaye a majalisa ai dole ya sassauta ko yaya ne, da ya ba su kujera biyu uku ƙila da ya kai 1983 ya yi wa talakawan aikin da ya fi haka. Ga PRP ɗin kanta ta dare biyu, 'yan taɓo na tare da Malam Aminu Kano, 'yan santsi na tare da su Abubakar Rimi da shi Balarabe, wa zai tsaya masa?

Baba Malam Rikkos:
Hajiya ba kujera kaɗai suke nema ba, so suke ya zama gwamnan jeka-na-yi-ka. Wanda ya ɗauko Dokta Bala Usman, malamin jami'a mai ra'ayin kawo sauyi, ya ba shi sakataren gwamnati ai kin san ba da niyyar ciniki ya zo ba.

Injiniya Dilimi:
Mu ma nan Filato ai mun ɗanɗana, a 2006 'yan majalisa shida cikin 24 ne suka zauna suka ce sun tsige gwamna Joshua Dariye sai da kotu ta rushe abin a 2007. Wallahi abin da ke ƙona min rai har gobe ranar zaɓe kowa gwamna yake tambaya, ka tsayar da mutum a layi ka ce wa ke takarar majalisa a Jos ta Arewa sai ya tsaya yana kallonka. Ɗan Gangare kai ma ka gwada su a majalisar taku yau da daddare ka gani.