Tsukewar hanyar jijiyoyi a ƙashin baya: ana iya zama lafiya ba tare da tiyata ba?

Maman Ummi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 67, kuma hoton MRI da aka yi masa ya nuna cewa hanyar da jijiyoyi ke bi a ƙashin bayansa, daidai kwankwaso, ta tsuke. Idan ya yi tafiya kaɗan ƙafafunsa kan yi nauyi su sage, sai ya zauna kafin su saki. Ya ƙi yarda da tiyata. Shin mai wannan lalura zai iya ci gaba da harkokinsa da magani da motsa jiki kawai?

Ɗan Bolari:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya. Aikina gashin ƙashi ne, kuma abin da kika bayyana shi ne alamar da aka fi sanin wannan ciwo da ita. Yawanci shekaru ne ke kawo shi, domin gaɓoɓin baya kan yi kauri, faifan da ke tsakanin ƙasusuwa kuma ya kumburo, galibi tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na kwankwaso. Miƙewa tsaye na ƙara matse hanyar, duƙawa kuwa na buɗe ta, shi ya sa za ki ga dattijon da ba ya iya zagaya babbar kasuwar Gombe da ƙafa yana tuƙa keke ba tare da wahala ba. Masu matsakaicin ciwo da yawa sukan yi shekaru ba tare da ya tsananta ba. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne kada ya kwanta ya daina fita, domin zaman wuri ɗaya yana kashe ƙarfin ƙafa. Ya riƙa tafiya gajeriya yana hutawa, ya yi atisayen ƙarfafa ciki da cinya, ya rage ƙiba idan yana da ita.

Malam na Pantami:
Game da ibada, idan tsayuwa ta yi masa tsanani, musamman a tarawihi, shari'a ta yi rangwamen yin salla a zaune. A sama masa kujera a masallaci, kada ya rasa jam'i da zaman majalisa.

Ɗan Bolari:
Haka ne, Malam. Sai dai a kula da magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ake saya a kemis, domin yawan shan su na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, musamman ga tsofaffi. Idan kuma fitsari ko bahaya ya fara kuɓuce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya sage, ko ƙafa ta riƙa raunana da sauri, to, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a ranar, domin a wannan hali ana iya buƙatar tiyatar gaggawa.