Darɓa ta kama min wake, wane magani zan fesa?

Sabi'u Bunkure: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wakena ya kusa fure, sai ga darɓa ta cika ƙarƙashin ganye da kan tofo, baƙi ƙirin. Ganyen ya fara nannaɗewa, in ka taɓa hannunka na danƙo. Me zan fesa?

Alhaji Ɗanlami Kura: Wa alaikumus salam. Nemi mai lambda-cyhalothrin, kowane shago akwai shi, kuma ba tsada. Yau ka fesa, gobe ka ga sun zube.

Malam Isa, malamin gona: Alhaji, a gafarce ni, a nan zan ɗan saɓa maka. Zubewa kam za su zube, amma irin wannan ba ya zaɓe, kowa yake kashewa. Sabi'u, je ka duba da kyau, za ka ga wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, da 'ya'yansa masu tsawo suna yawo cikin darɓar. Cinta suke yi. In ka kashe su, darɓar da ta tsira ba ta da mai hana ta, ga ta ba ta jiran ƙwai, 'ya'ya take haifa kai tsaye. Kafin sati biyu sai gonar ta fi da lalacewa. Ka nemi mai pirimicarb, don darɓa aka yi shi, kuma yana ratsa ganye ya kai ga na ƙasa. In babu, ka tambayi mai flonicamid. Shi hana ta tsotso yake yi, sai ta kwana biyu kafin ta mutu, kada ka ce bai yi aiki ba ka ƙara wani a kai.

Alhaji Ɗanlami Kura: Malam, maganarka gaskiya ce, amma masu shagon ƙauye ba kowa ke ajiye su ba.

Malam Isa, malamin gona: Haka ne Alhaji. Ya rubuta sunan sinadarin a takarda ya kai wa manyan diloli a Kano. Sunan kwalba yana canzawa, sinadarin ne abin dubawa, sai lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Hajiya Rabi Ringim: Ɗana Sabi'u, kafin ka samu, ga darbejiya a ƙofar gida. Daka ƙwallonta busasshe, gram 50 a litar ruwa, ya kwana a jiƙe, ka tace da ƙyalle, ka ɗan sa sabulu. Da shi nake riƙe barkonona. Sai dai a maimaita duk sati, kuma in ta riga ta yi yawa ba zai iya shi kaɗai ba.

Baba Haruna Auyo: Ku yara ba ku ga 1975 ba. Darɓa ce ta yaɗa kuturtar gyaɗa a shekarar, gonaki suka tsuke, mutane da yawa daga nan suka bar noman gyaɗa. Duk mai gyaɗa kusa da waken nan ya duba tasa tun yau. Baɗi kuma a nemi irin gyaɗa na cibiyar binciken noma ta Samaru, SAMNUT 24, yana jure cutar.

Sabi'u Bunkure: Allah ya saka da alheri, Baba. Malam, da wane lokaci zan yi feshin? Maƙwabcina yana da amya a kan tsamiya.

Malam Isa, malamin gona: Da yamma liƙis, bayan ƙudan zuma sun koma, iska ta kwanta. Gaya wa mai amyar tun da wuri, kuma ka nisanci imidacloprid tunda fure ya kusa, yana kashe zuma sosai. Juya bakin famfon ya kalli sama don ya jiƙa ƙasan ganye. In gefe ɗaya na gonar darɓar ta kama, wajen kaɗai za ka fesa. Awo kuma wanda ke jikin kwalba, ban da ƙarin murfi. Sa takunkumi da safar hannu, pirimicarb guba ne ga mutum.

Hajiya Rabi Ringim: Ku ja kunnen mutanen gida, kada a tsinki ganyen waken nan a yi miya ko a ba awaki sai kwanakin da aka rubuta a kwalba sun cika.

Sabi'u Bunkure: To Hajiya. Gobe in sha Allahu zan shiga Kano, yau kuma zan jiƙa darbejiyar.