Ku ba ni shawara, jarrabawar jiha ta hana ni sakat

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar aji uku ce a wata firamare a jihar Texas ta Amurka, shekarata ta biyu ke nan. A gida na yi shekara tara ina koyarwa kafin mu biyo maigida, da muka zo sai da na sake neman lasisi daga tushe, wannan ma labari ne mai zaman kansa. To a nan tun daga aji uku yara ke fara jarrabawar jiha, STAAR, karatu da lissafi, a kwamfuta, wajen watan Afrilu. Sakamakon yana shiga makin A zuwa F da jiha ke ba makarantu. Tun Janairu shugabarmu ta ce a rage lokacin kimiyya a duƙufa kan tambayoyin gwaji. Ni kuma ina satar minti ashirin kullum in karanta musu labari. Jiya ta faɗo ajin ta same mu zaune a ƙasa, ba ta ce uffan ba, ta yi rubutu ta fita. Ga wani yarona da duk ranar gwaji sai ya ce cikinsa na ciwo. In daina ko in ci gaba?

Abu Sadiƙ:
Hajiya, ki bi abin da aka ce. Tun dokar da Bush ya sa wa hannu a 2002 aka wajabta gwajin nan daga aji uku zuwa takwas, ta Obama ta 2015 ma ba ta cire shi ba. Ki ajiye labarin sai an gama.

Anti Hajara:
Ke yara nawa ne ma a ajinki? Ni 94 gare ni a aji shida, Common Entrance na tafe, alli ma da kuɗina nake saya.

Ummu Bilal:
Maman Ilham, ki rubuta wa shugabar taku cewa labarin ma shirin jarrabawar karatu ne.

Abu Sadiƙ:
Kul! Abin da kika rubuta da shi za a kama ki. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba.

Maman Ilham:
Malam, ai ban ƙi gwajin ba, ana yi. Amma yaron nan lokacin labarin kaɗai yake ɗaga hannu. Anti, su 22 ne.

Anti Hajara:
22? Allah Ya kyauta.

Maman Ilham:
Shugabar ta turo saƙo yanzu, wai in same ta ofis ranar Litinin.