Don Allah a ba ni shawara: Oga soja ne ana raɗe-raɗin fostin, ni kuma ina son shiga makarantar nas

Mai tambaya (an ɓoye suna):
Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni matar soja ce, shekarata 26, yarana biyu, babban shekararsa 5 ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Tun ina sakandare ba ni da buri sai aikin jinya, sai aure ya zo, to kun dai san zaman bariki, shekara 7 da aurenmu gari uku muka zauna, Zariya aka kai ni amarya daga nan sai Minna yanzu kuma muna Bauchi barikin Shadawanka shekara biyu da 'yan watanni. Bana Allah ya sa Oga ya amince har kuɗin JAMB ya ba ni, takarduna ma sun cika, Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji duk ina da kiredit a zama biyu, WAEC da NECO na haɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne ana ta ƙishin-ƙishin za a yi musu fostin wato canjin wurin aiki, wani ya ce Sakkwato wani ya ce Inugu, shi kansa bai sani ba, in na matsa masa sai ya ce soja ba ya sanin gobensa sai sigina wato saƙon umarni daga sama ta fito. To ni yanzu wajen cike makaranta na rasa ta cewa, in sa kwalejin nas ta nan Bauchi ne in ya so in an ɗauke mu in nemi taransifa, ko in sa ABU tunda iyayena suna Zariya amma an ce shekara 5 ce, ko in haƙura sai fostin ɗin ya fito tukuna? Wata maƙwabciyata kuma ta ce in yi NOUN jami'ar karatu daga gida kawai tunda duk garin da aka kai mu akwai cibiyarsu. Wallahi ko barcin kirki ba na yi, masu sani ku taimaka.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri 'yar uwa, ki yi istihara. Ina nan ina bibiya don ƙanwata ma matsalarta kenan.

Sista Mai Dutin Dare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara cire NOUN daga lissafi, digirin nosin ɗinsu na waɗanda suka riga suka zama nas ne masu RN wato lasin cikakkiyar nas a hannu, haka ma na karatu daga nesa da ABU ke yi. Babu inda ake fara koyon jinya ta waya, sai kin tsaya a wod kin wanke ciwo kin gyara gado kin yi dutin dare. Maƙwabciyarki da zuciya ɗaya ta faɗa amma ba ta sani ba ne.

Sai maganar taransifa wadda ita ce nake so ki buɗe kunne. Makarantar nas ba kamar firamaren bariki ba ce da za ki karɓi takarda ki kai wata. Kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da hukumar NMCN mai kula da aikin nas da unguwarzoma ta yarje mata, kuma bayan kin tsallake jarabawar farko da ake tankaɗe da rairaya sai a tura sunanki hukumar a ba ki lamba, abin da muke cewa indeksin, kuma da sunan wannan makarantar ake yi. In kika tashi a tsakiya wata makarantar sai tana da gurbi sai ta ga dama, galibi abin da za ki ji shi ne ki dawo daga farko. Jami'a ma haka, canjin jami'a yawanci a aji biyu ake karɓa, da kin shiga shekarun asibiti kuwa sai addu'a.

Amma lasin shi yana tafiya, RN ɗin da kika samu a Zariya shi ne dai a Sakkwato shi ne a Inugu, duk bayan shekara 3 ki sabunta shi kawai. Saboda haka ni a ganina ki daina tambayar ina za a kai Oga, ki tambayi kanki wane gari ne zan iya zama shekara 4 ko 5 ban motsa ba ko da an kai shi bangon duniya. Daga bayaninki garin nan Zariya ne.

Mai tambaya:
Na gode sosai Anti Allah ya saka da alheri. To ita kwalejin ba shekara 3 ba ce? Yayar ƙawata shekara 3 ta yi ta fito.

Sista Mai Dutin Dare:
Da kenan, ni ma 3 na yi. Yanzu yawancinsu an mayar da su tsarin ND da HND wato ƙaramar difloma da babba, biyu da biyu, shekara 4 kenan kuma ta JAMB ake shiga. Kar kuma wani ya ruɗe ki wai ki yi ND shekara 2 ki bi miji, ND kaɗai ba ya ba ki RN, lasin yana gaba. Jami'a shekara 5 sannan shekara ɗaya ta intanshif wato aikin sanin makama a asibiti. Tazarar ba ta da yawa a takarda amma ki tuna da yajin aiki, na 2022 wata 8 jami'o'in gwamnati suka yi a rufe, kuma maki da ake nema a nosin na jami'a ba wasa ba ne don kowa shi yake so. A Zariya ɗin ai duka biyun akwai, ga jami'ar ga kuma kwalejin asibitin koyarwa.

Tsohuwar Magajiyar Bariki:
'Yata bari in ƙara miki ta ɓangarenmu don ni ban san komai a kan allura ba amma bariki kam na sha ruwansa, shekara 24 ina bin Baban yara kafin ya ajiye kaki. Abu biyu ne mata ke haɗawa alhali ba ɗaya ba ne. Akwai a ɗauke mutum daga runduna zuwa wata runduna, wannan shi ne ake naɗe tabarma a saki kwata a tafi da iyali. Akwai kuma a tura shi fagen daga irin na arewa maso gabas, wannan babu macen da ke bi, kina nan cikin kwatarki da yaranki sai dai ya samu fas ya leƙo. To in na biyun ne ya same ku kina karatu a Bauchi, wa zai riƙe miki yara ranar da aka sa ki kwana a asibiti? Maƙwabta za su yi miki sati ɗaya su yi biyu, na uku za ki fara jin magana a bakin famfo. In kuma na farkon ne ɗakin ma ba naki ba ne, wani ke jira, sai dai ki kama haya a gari ke kaɗai da goyo a garin da ba ki da kowa.

Maganar ki jira fostin ya fito kuwa, ni dariya ma ta ba ni. Mun taɓa ɗaure kaya cikin buhuna wata 9 muna jiran sigina har na manta inda na sa turmi, ƙarshe ba mu tashi ba sai bayan shekara biyu, wani lokacin kuma da daddare aka faɗa masa. Ko ya fito ɗin ma ai wani na biye da shi, kina aji uku za a sake. Wadda ta ce sai soja ya zauna wuri ɗaya za ta yi karatu sai dai ta yi tare da jikokinta.

Wata Baiwar Allah:
Ni jiki magayi ne. Na shiga makarantar nas a wani gari da ba zan kira suna ba, na tsallake jarabawar wata shida da ƙyar da jiɓin goshi, ina shekara ta biyu aka ɗauke maigida zuwa kudu, ya ce in zauna in ƙarasa ni ce na ƙi wai ba zan iya nisa da shi ba ai zan samu taransifa. Na yi yawo ofis ofis da takarduna a leda har suka fara yagewa, wannan ya ce babu gurbi wancan ya ce ki dawo wani sati, shekara biyu da kuɗin makaranta da na yunifom duk suka bi ruwa. 'Yan ajinmu yanzu wasu su ke riƙe da wod ni ina sayar da zoɓo da kunun aya a kasuwar mami. Alhamdulillah ba raina sana'a nake ba amma duk ranar da na kai yaro asibiti na ga farin kaya sai zuciyata ta yi nauyi.

Abban Yara:
Ni fa ban gane wannan shawarar ba. A ce mace ta bar mijinta shekara 5 ta koma gidan iyayenta saboda takarda? Shi wa zai kula da shi? Gobe in ya ƙaro aure ku ne za ku dawo nan kuna kuka. Ta haƙura ta bi mijinta, in Allah ya rubuta za ta yi karatun za ta yi.

Maman 'Yan Biyu:
Malam ai shi ya ba ta kuɗin JAMB ɗin da hannunsa, ko ba ka karanta ba ne? Kuma mai ƙarin aure ko a kan cinyarsa kike kwana sai ya ƙara.

Kofur Mai Ritaya:
Ɗan uwa na fahimce ka amma da gani ba ka yi kaki ba. Mu da muka yi mun san ko tana bariki ko ba ta nan rabin rayuwar ba tare ake yi ba, ni na taɓa yin sama da shekara ban ga iyalina ba, kuma abin da ya fi damuna a can ba abinci ba ne, tunanin in na faɗi me za su ci. Mun ga matan abokan aikinmu da aka ba su wa'adin barin kwata ba su da sana'ar fari balle ta baƙi. Matar da ke da lasin nas ko ina aka kai ka za ta samu aiki, kusan kowane bariki akwai asibitinsa, Kaduna ga 44, Legas ga 68 a Yaba, ga na gwamnati ga na kuɗi. Abin da zan ce wa ƙanwata kawai, kar ki yanke ke kaɗai ki kai masa a dafe. Ku zauna ku yi lissafin kuɗin mota da na makaranta da wa zai riƙa zuwa wajen wa in an yi hutu, kuma a sa manya a ciki, musamman mahaifiyarsa, don in ba da ita aka ƙulla ba ita za ta fara cewa an raba ta da jikoki an kai dangin uwa.

Ummu Ɗalibai:
Me zai hana ta yi kwaminiti nosin ko unguwarzoma ta kwaminiti? Shekara 2 ce kawai ta gama kafin ma a tashe su.

Sista Mai Dutin Dare:
A'a wannan ga wata dai, ba ga matar soja ba. An tsara shi ne don ki koma ƙaramar hukumarku ki yi aiki a ƙananan asibitocin karkara, yawanci ma 'yan asalin jihar ake ɗauka, kuma ba RN ba ne, in kina son ci gaba sai kin sake komawa aji. Ita da ba ta san jihar da za ta kwana baɗi ba ina ita ina wannan. Gajeren hanya ne da zai dawo da ita inda ta taso.

Mai tambaya:
Kai jama'a na gode wallahi, Mama Magajiya maganarku ta shige ni don ko jiya sai da na rasa wanda zan bar wa yarinya in je kasuwa. Na karanta wa Oga duka da daddare ya yi shiru can ya ce shi damuwarsa babban yaron ne da makarantarsa, amma Zariya ba ta yi masa nisa ba tunda can ya yi Daffo wato horon shiga soja kuma yayarsa tana Sabon Gari. Sauran tambayata biyu, in na yi jami'a zan gama ina 31 ko fiye, ya maganar bautar ƙasa? Sannan a yi haƙuri, in ciki ya zo a tsakiya korar mutum ake yi?

Sista Mai Dutin Dare:
Bautar ƙasa kar ta hana ki barci, wadda ta haura 30 ranar da ta gama takardar yafewa ake ba ta, in ma ba ki haura ba matar aure tana da damar a kai ta inda mijinta yake. Na ciki kuwa kowace makaranta da dokarta, kar ki yarda da an ce, ki tura wani ya karɓo miki littafin dokokin ɗalibai ki karanta da idonki, ki duba har da maganar kwana a hostal don wasu suna tilasta wa 'yan shekarar farko ko da aure, kin ga in haka ne yaye ya zama dole kafin ki shiga. Ko inda ba a kora, ranakun asibiti ƙirga su ake yi, in ba su cika ba ba za a tura sunanki jarabawar hukuma ba, ita kuma sau biyu ake yi a shekara, Mayu da Nuwamba, kin ga wata shida ya tafi. Mun yi da masu goyo kuma sun gama, amma duk wadda na sani akwai uwa ko ƙanwa a bayanta. Ni da ni ce ke, kwalejin zan sa a gaba in karɓi RN, digirin ya same ni daga baya ta NOUN ɗin nan ta maƙwabciyarki a duk barikin da aka jefa mu, lokacin ne take da amfani.

Tsohuwar Magajiyar Bariki:
Kuma ki kira mahaifiyarki ki tambaye ta da baki, kar ki ɗauka dole ta yarda don ita ta haife ki, riƙon yara biyu ga mai shekaru ba ƙaramin aiki ba ne. In akwai wata yarinya a dangi da za ta taya ta ku ɗauki nauyinta.

Mai tambaya:
To Mama in sha Allah yau bayan Magariba zan kira ta. Don Allah in akwai wadda ke kwalejin Zariya yanzu ta yi min magana ta Admin, ina so in ji maganar hostal ɗin nan kafin in je wajen cike fom ranar Litinin.